Kamarar waya da bandalet ɗin fitsari: yadda abin ya kasance a wani CSI na gefen Zinder

Wurin da yadda ake aiki tun farko

CSI ɗin, wato ƙaramar cibiyar lafiya, yana can gefen gari, inda gidaje suke ƙarewa gonakin gero su fara, ba zan kama sunansa ba ko sunan wani ma'aikaci. Majo ɗaya ne, wato shugaban cibiyar, sajfam ɗaya, wato ungozomar asibiti, infirmiye biyu, matron wata dattijuwa da ta fi kowa daɗewa a wurin, sai stajiye, ɗalibai masu koyon aiki, masu zuwa su yi ƴan watanni su wuce. Babu labo. Duk analiz ɗin da ya wuce na gaggawa sai an tura cikin gari. Ni a labo nake aiki a cikin gari, majon kuma tare muka yi karatu, shi ya sa na bi maganar tun daga tushe.

Ranar awon ciki mata sukan cika rumfa tun da sassafe, kuma kowace ana auna mata nauyi, tansiyo, tsayin ciki, sannan a ba ta kofi ta kawo fitsari don awon albimin (wato furotin da ke fita a fitsari) da suga. Bandalet ake sakawa, wato wannan siririyar leda mai ƴan ƙananan soso masu magani a jiki, ka tsoma ka fitar ka jira launi ya canza sai ka gwada da jadawalin launuka da ke jikin kwalbar. Abu ne tsoho, tun 1956 Helen Free da mijinta Alfred Free suka fito da Clinistix na suga a Amurka, na albimin ya biyo baya a 1957. Akwai mai soso biyu, akwai mai soso 10 irin Multistix da ke duba suga, jini, nitirit, lekosit, pH da sauransu.

Soson albimin shi ne ya fi damun sajfam. Rawaya ne in babu komai, in akwai sai ya koma kore, in ya yi yawa ya zama kore mai shuɗi-shuɗi. 1+ yana nufin wajen giram 0,3 a lita, 2+ giram 1, 3+ giram 3. Mai ciki da ta wuce sati 20, in tansiyonta ya kai 14/9 (wato 140/90) ko fiye kuma ga albimin a fitsari, toh ana tsoron ciwon da ke kai wa ga jijjiga, wanda yake kashe uwa da ɗa in aka yi sake. Matsalar ita ce tsakanin rawaya mai ɗan kore da kore mai ɗan rawaya tazarar ƙarama ce sosai, kuma ido ne alƙali.

Ɗakin awon taga ɗaya gare shi, ga ampul ɗaya a sama in akwai kuran. Bandalet kuma ba kullum yake isa ba, saboda haka in kwalba ta kusa ƙarewa akan sa almakashi a tsaga shi biyu a tsaye don ya isa mata biyu.

Maris: matar da ta dawo da dare

Wata yarinya ce mai cikin fari, sati 31. Ta zo awo da safe, tansiyo ya nuna 14/9, aka ce ta zauna ta huta aka sake aunawa ya sauko 13/8. Stajiye ta tsoma bandalet ta rubuta "tras" a karne, wato ɗan ɓurɓushi ne kawai bai kai 1+ ba. Aka ce ta dawo bayan sati ɗaya.

Sati bai cika ba aka kawo ta cikin dare a kan kabu-kabu, mijinta na riƙe da ita ta baya, fuska ta kumbura, kai kamar zai tsage, tana cewa ganinta na dishi-dishi. Tansiyo 17/11. Babu kuran a daren, da fitilar waya sajfam ta duba bandalet ta ga 3+. Ta yi mata allurar sulfat na magneziyom ta farko, ta rubuta takardar turawa, aka wuce da ita cibiyar uwa da yaro ta cikin Zinder. Ta rayu alhamdu lillahi, jaririn bakwaini aka ciro shi amma shi ma ya rayu.

Washegari tambaya ɗaya ce a bakin kowa, shin karatun safiyar nan daidai ne ko kuwa 1+ ko 2+ ne aka gani tras? Ba a iya sake dubawa ba, bandalet ya daɗe a kwandon shara, kuma ko da yana nan launinsa ya riga ya sauya. Sannan wannan ciwon yana iya tashi cikin kwanaki kaɗan, ba mamaki ranar tras ɗin ne na gaskiya. Majo bai ɗora wa yarinyar stajiye laifi ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki fitsari ɗaya na wata mai albimin, ya ba kowane ma'aikaci bandalet sabo ya ce kowa ya tsoma ya rubuta abin da ya gani a takarda kar ya nuna wa kowa.

Amsoshin ba su zo ɗaya ba. Wadda ta tsaya bakin taga ta rubuta 1+, wanda ya duba a ƙarƙashin ampul ya rubuta tras, matron da ta ajiye nata a kan tabur ta je ta kira wata mata ta dawo ta rubuta 2+. Anan ne aka lura ba wanda yake duba agogo. A takardar da ke cikin kwalin Multistix kowane soso da lokacinsa: suga sakan 30, albimin da jini da nitirit sakan 60, lekosit minti 2, kuma bayan minti 2 duk launin da ya fito ba a lissafa shi. Ranar awo da mata sun cika rumfa wa zai tsaya yana ƙirga sakan 60, wani lokaci a sakan 15 an karanta, wani lokaci bayan minti 5.

Afrilu zuwa Mayu: aplikasiyon kyauta

Ɗaya daga cikin infirmiye ne ya zo da shawarar waya, ya ce ya ga akwai aplikasiyo da ke karanta bandalet da kamara. Gaskiya ne akwai. Tun 2013 wani kamfanin Indiya ya fito da uChek, har hukumar FDA mai kula da magunguna da kayan asibiti a Amurka ta rubuta musu wasiƙa a shekarar tana tambayar izininsu, saboda da zarar waya ta fara ba da sakamakon ciwo ta zama kayan asibiti. A 2018 Healthy.io na Isra'ila ya samu amincewar FDA da nasa tsarin, amma shi ba aplikasiyo kaɗai ba ne, kwali ne da ke zuwa da kofi da bandalet nasu da wani allo mai launuka da ake ɗora bandalet a kai kafin a ɗauki hoto. Irin wannan kwalin ba ya hannun CSI ɗin, saboda haka wani na kyauta suka sauke daga Play Store.

Matsala ta farko, aplikasiyon soso 10 yake nema a jere, su kuma yawancin abin da ke hannunsu mai soso biyu ne, sai ya riƙa cewa bai ga bandalet ba. Da suka samo mai soso 10 sai ya zama na wani kamfani ne daban da wanda aka tsara aplikasiyon a kai, jerin soson ba ɗaya ba, inda yake zaton albimin ne pH ne a wurin. Ga shi yana buƙatar intanet kafin ya ba da amsa, rezo kuma a wannan gefen sai a hankali, hoto yana juyawa yana juyawa har lokaci ya wuce.

Amma babbar matsalar haske ne. Kamarar waya ba ta ɗaukar launi yadda yake, da kanta take gyara shi don hoto ya yi kyau a ido, ta ƙara haske nan ta rage can, in ɗakin rawaya ne ta zuba masa shuɗi don fari ya fito fari. Duk macen da ta taɓa sayen atamfa a cikin rumfa a Kasuwar Dole ta fito rana ta ga launin ya sauya ta san abin da nake nufi. Bandalet ɗaya, a wayar majo 1+, a wayar sajfam negatif, a wayar infirmiye 2+, cikin sakan kaɗan. Da aka kunna filash kuma sai soson da yake jiƙe ya riƙa ƙyalli, tsakiyarsa ta fito fari fat a hoto. Ko zanen da mai riƙe wayar ta ɗaura yana shiga lissafi, ranar da sajfam ta sa mayafi kore shar ta sunkuya kan tabur sakamako ya haura.

Kafin ƙarshen Mayu sajfam ta ce wa majo, Majo ni dai ka bar ni da idona, wannan abin ɓata mini lokaci yake mata na jira. Aka goge aplikasiyon. Abu ɗaya ya rage daga wannan gwajin, tun da waya na hannu aka fara saka kurono, wato agogon ƙirga lokaci, na sakan 60 duk lokacin da aka tsoma.

Yuni: akwatin kwali

Majo yana da ƙane mai karatun kwamfuta a cikin gari, shi ya zo hutu ya ji labari ya ce matsalar ba ta aplikasiyo ba ce, ku kuna canza haske da waya da nisa duk a lokaci ɗaya sannan kuna son amsa ɗaya. Ya ce a 2016 wasu injiniyoyi a jami'ar Stanford ta Amurka sun yi wani baƙin akwati da ake ɗora waya a kai don wannan aikin, don haske ya zama iri ɗaya kullum kuma lokaci ya riƙa ƙirga kansa. Ya ce bari mu gwada namu da abin da ke akwai.

Kwalin magani ne mai kauri aka samu, aka shafa masa baƙin fenti marar ƙyalli a ciki, aka huda rami a sama daidai idon kamara, aka manna katako biyu ƙanana don waya ta zauna wuri ɗaya ba ta gocewa. Daga kamara zuwa ƙasa kamar santimita 15. A gefe biyu na ciki ya jera ƴan fitilun LED farare da ke cin wuta daga batirin sharjin waya, ya rufe su da farar leda mai duhu-duhu don hasken ya bazu kar ya bugi soso kai tsaye. A ƙasa aljihu ne na kwali da ake jawowa kamar na tabur, da layi inda bandalet ke kwanciya.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne jadawalin launuka. An ɓare tambarin wata kwalba da ta ƙare, irin bandalet ɗin da ake aiki da shi, aka miƙar da shi aka manna a kan aljihun daidai gefen inda bandalet ke kwanciya, saboda kowane hoto ya ɗauko soso da jadawali tare a haske ɗaya. Ko waya ta murɗa launi, duka biyun za ta murɗa tare. Waya kuma ɗaya tak aka ware, tsohuwar wayar majo, babu sim a ciki, aka saka mata Open Camera wanda ke ba ka damar kulle haske da daidaiton fari kar su motsa, filash a kashe.

Ɗan shirin da yaron ya rubuta ba wani abin mamaki yake yi ba kuma ba ya buƙatar intanet. Ka danna lokacin da ka tsoma, ya ƙirga, a sakan 30 ya ɗauki hoto don suga, a sakan 60 ya ɗauki na albimin, ya auna ja da kore da shuɗi a tsakiyar soso, ya auna na kowane murabba'i a jadawali, ya faɗi wanda ya fi kusa. In launin ya faɗa tsakanin biyu sai ya rubuta duka biyun, misali tras ko 1+, ba ya zaɓa maka.

Tun ranar farko majo ya kafa doka kuma na goyi bayansa, wannan akwatin ba kayan asibiti ne da wata hukuma ta amince da shi ba, don haka abin da ido ya karanta shi ake rubutawa a rajista, na waya a rubuta a gefe da fensir, in sun saɓa a sake tsoma sabo, in sun sake saɓawa a ɗauki wanda ya fi muni. Sun riƙa raba wasu fitsarin biyu suna aiko mini da rabi a cikin kula mai ƙanƙara in saka a injin karatu na labo. Yawanci akwati da inji sun dace, inda suka saɓa mataki ɗaya ne, kuma kusan kullum tsakanin tras da 1+.

An samu ɗan tsaiko daga wajen mata. Wata dattijuwa da ta rako surukarta ta ga an saka abu a akwati an ɗora waya, ta tsaya ta ce wa sajfam, ƴata hoton fitsarin nan ina za a kai shi? Tambaya ce mai kyau wlh, mutanenmu ba sa wasa da abin da ya fito daga jikin mai ciki. Sajfam ta jawo aljihun ta nuna mata, ta ce Inna duba, ledar nan kawai ake ɗauka, ba fuska ba suna, lambar rajista ce kaɗai, kuma wayar ko layi babu a cikinta. Daga ranar matron take yin wannan bayanin a rumfa kafin a fara awo, wadda ba ta so a karanta mata da ido kawai.

Agusta: damina ta tona abin da akwati bai gani ba

Ruwa ya zauna, sai rajista ta fara cika da tras da 1+ a matan da tansiyonsu lafiya lau, ba kumburi ba ciwon kai. Ido da waya duk sun yarda da juna, shi ya sa aka ɗan jima ba a yi shakka ba, har an tura wasu mata cikin gari sun kashe kuɗin kabu-kabu sun yini a layi aka ce musu babu komai. Fitsarin da suke rabawa suna aiko mini ne ya riƙa nuna negatif a jere. Na kira majo na ce ya ɗauko bandalet busasshe daga kwalba ya saka a akwati ba tare da ya tsoma a komai ba. Soson ya riga ya canza launi tun a bushe.

Da aka bi diddigi abubuwa ne suka taru. Kwalbar a buɗe take yini ranar awo don saurin ɗauka, ƴar jakar da ke shanye laima a cikinta wani ya jefar yana zaton shara ce, tsagawa da almakashi na nufin a zazzage bandalet da yawa a kan tabur a taɓa soso da yatsa, sannan kwalaben ajiya sun yi bazara a cikin kabad ɗin ƙarfe. Takardar irin bandalet ɗin da suke amfani da shi ta ce a ajiye tsakanin digiri 15 da 30, mu kuwa a Damagaram Afrilu da Mayu zafi yana wuce 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ba a magana. Akwai kuma kofuna. Ana wanke su da ruwan jabel a sake amfani da su, in ba a ɗauraye sosai ba ragowar jabel na iya sa soson jini da na suga su nuna ƙarya, wasu magungunan wanke rauni irin su kulorheksidin kuma suna sa na albimin ya nuna ƙarya. Haka fitsarin da ya daɗe a ajiye, ko wanda ruwan gaba ya gauraya da shi.

Gyaran bai ci kuɗi sosai ba. An zubar da kwalbar da ta lalace. An daina tsagawa kwata-kwata, in bandalet ya yi ƙaranci a fara da masu cikin fari da masu tansiyo da masu kumburi da waɗanda suka taɓa jijjiga. A ɗauki ɗaya a rufe murfi nan take, a rubuta ranar buɗewa a jikin kwalba. Kwalaben ajiya aka sa su cikin roba mai murfi da ke rufuwa ruf aka kai ɗakin da ya fi sanyi, a ƙasa nesa da taga, ba a saka a firjin rigakafi ba don in aka fito da su raɓa takan kwanta a kai. Kowace safiyar awo kafin mace ta farko, bandalet ɗaya ake tsomawa a ruwan allura mai tsabta a saka a akwati, in soson albimin ko na suga bai nuna negatif ba kwalbar ta tashi daga aiki. Matron kuma ta ƙara a bayaninta, a yi tsarki, a bar na farko ya zuba, a tari na tsakiya, a kawo nan da nan.

Jadawalin da aka manna shi ma an tarar ya fara koɗewa, sai aka ce duk lokacin da aka buɗe sabon kwali a sauya shi da tambarin sabo.

Satumba: gwajin tsargiya

Bayan damina tafkuna sun cika yara na wanka, sai ga masu fitsarin jini. Infirmiye ya so a yi amfani da akwatin a karanta soson jini. Bai yi ba. In ƙwayoyin jini ba su fashe ba soson ba ya canza launi gaba ɗaya, ɗigo-ɗigon kore ne ke fitowa a kai, shirin kuma matsakaicin launi yake ɗauka sai ya ce negatif alhali ido yana ganin ɗigon sarai. Aka bar wannan wa ido, akwati ya tsaya kan albimin da suga.

Nuwamba zuwa Janairu: inda aka tsaya

Da sanyi ya shigo aikin ya zama jiki. Stajiye sabbi da suka zo ranar farko ake nuna musu akwati da kurono da gwajin safe, kuma hotunan da aka tara sun zama abin koyarwa, a nuna musu tras na gaske da 1+ na gaske gefe da gefe. Saɓani tsakanin ido da waya ya ragu ƙwarai, har ma idon ya gyaru, don yanzu kowa a lokaci ɗaya yake dubawa.

A Disamba wata mai ciki na biyar ta zo, sati 33, tansiyo 14/9 ya ƙi sauka bayan hutu, ido ya ce tras waya ta ce tras ko 1+, aka sake tsomawa duka suka ce 1+. Sajfam ta buɗe hoton awonta na baya ta ga rawaya ne tas. Matar ta ce ita lafiyarta ƙalau ga yara ta bari a gida, sajfam ta nuna mata hotuna biyun a waya ta ce Yaya dubi na wancan watan dubi na yau, ga kuma tansiyo, ba zan bar ki ki koma gida haka ba. A ranar aka tura ta cikin gari, aka ɗora ta kan magani ana bibiyarta, ta haihu lafiya ba ta yi jijjiga ba.

Me ya yi aiki, me ya sa

A ganina kamara ba ta fi ido gani ba, abin da ta fi shi shi ne ba ta gajiya ba ta sauri, kuma abin da ta gani yana nan ana iya komawa a duba. Ko a Ingila ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a can, ta ce a asibitoci a yi amfani da injin karanta bandalet wajen duba albimin na masu ciki, in ya nuna 1+ ko fiye a auna yawansa a labo, saboda an san karatun ido yana bambanta daga mutum zuwa mutum. Aplikasiyon farko ya faɗi ne don an ba shi haske daban, waya daban, bandalet daban. Akwatin ya yi aiki don ya kulle haske da nisa da lokaci, ya kuma sa jadawali cikin hoto ɗaya da soso, wanda shi ne dabarar da kamfanonin da aka amince da su suke bi da allonsu mai launuka.

Amma watan Agusta shi ne ya fi tsaya mini a rai. Akwatin ya karanta lalataccen bandalet daidai wa daida, kullum amsa ɗaya, kuma wannan dacewar ce ta sa aka yarda da ƙarya har mata suka yi asarar kuɗi da yini. In aka ce in zaɓi abu ɗaya daga duk abin da aka yi don wani CSI da ba shi da waya ko mai rubuta shiri, zan zaɓi murfi a rufe da gwajin safe da kurono na sakan 60, su suka ɗauki mafi yawan nauyin. Matar Disamba ma tansiyonta da ya ƙi sauka shi ne ya fara ɗaga hankalin sajfam, hoton ya taimaka ne wajen tabbatarwa da kuma shawo kanta. Ciwon nan mai kai wa ga jijjiga yana iya zuwa ba albimin ko kaɗan, don haka mai tansiyo 16/11 ko mai ciwon kai da dishi-dishin ido ba a jiran bandalet a kanta. Haka na suga, fitsari ba ya nunawa sai sugan jini ya haura wajen giram 1,8 a lita a yawancin mutane, negatif ba ya nufin babu ciwon suga.

Akwai abin da bai warware ba har yanzu. Duk tsarin a kan tsohuwar waya ɗaya yake, batirinta ya fara kumbura, in aka sauya ta sai an sake gwada sabuwar da injin labo daga farko. In aka kawo bandalet na wani kamfani, jadawali da lokutan karatu duk sai an sauya, yaron da ya rubuta shirin kuma yana shirin tafiya ƙarin karatu. Majo ya rubuta rahoton abin da suka yi ya miƙa wa shugabannin gundumar lafiya yana neman ko a duba akwatin yadda ya kamata ko a samo musu ƙaramin injin karatu da aka amince da shi, kafin amsa ta zo sakamakon waya yana nan a gefen rajista da fensir.